Mont Blanc: Tsaunin da ɗumamar yanayi ke ƙara wa haɗari

A kowace shekara mutane kimanin 20,000 ne ke yunƙurin hawa ƙololuwar Mont Blanc, tsauni mafi tsawo a jerin tsaunukan Alps, wanda ke kan iyakar Faransa da Italiya. To sai dai narkewar ƙanƙara na sauya hanyoyin da aka saba bi, lamarin da ya sa mahukunta ɗaukar tsauraran matakai.

Ma'anar sunan dai ita ce Farin Tsauni, saboda dusar ƙanƙarar da ke lulluɓe da shi duk tsawon shekara. Awon da aka yi a shekarar 2023 ya nuna tsawonsa ya ɗan haura mita 4,805, wato ya ragu da sama da mita biyu idan aka kwatanta da na 2021, kasancewar tulin ƙanƙarar da ke samansa yakan ƙaru ko ya ragu.

Tun bayan yarjejeniyar Turin ta 1860 ƙasashen biyu ke da saɓani game da ƙololuwar. Faransa na cewa tata ce baki ɗaya, yayin da Italiya ke cewa iyakar ta ratsa ta kanta ne.

A ranar 8 ga watan Agustan 1786 ne Jacques Balmat da wani likita mai suna Michel Paccard, dukansu 'yan garin Chamonix, suka zama na farko da suka kai can sama.

Hanyoyin hawa

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Goûter a ɓangaren Faransa. Jirgin ƙasa kan ɗauki masu hawa daga Saint-Gervais zuwa tsayin kusan mita 2,400, daga nan su taka zuwa masaukin Tête Rousse, sannan na Goûter da ke kan mita 3,835, inda suke kwana kafin su yi sammakon ƙarasawa.

Ta biyu kuma tana farawa ne daga Aiguille du Midi, inda motar da ke tafiya a kan waya ke kai mutane daga Chamonix. Matsalar wannan hanya ita ce zaftarewar ƙanƙara, wadda a watan Yulin 2012 ta hallaka mutane tara. A ɓangaren Italiya kuwa ana bi ne ta masaukin Gonella, hanya mai nisa wadda ba ta da cunkoso.

Waɗanda ba su da niyyar kaiwa ƙololuwa sukan zagaye tsaunin ne a ƙafa, tafiyar kimanin kilomita 170 da ke ratsa Faransa da Italiya da Switzerland cikin kwanaki goma ko sha ɗaya.

Kwazazzabon ajali

Ko da yake ana ɗaukar hanyar Goûter a matsayin mafi sauƙi, akwai wani kwazazzabo a kanta da tilas a tsallaka, inda duwatsu ke gangarowa ba zato ba tsammani. Wani bincike ya gano cewa tsakanin 1990 da 2017 mutane 102 ne suka rasa rayukansu a tsakanin masaukan nan biyu.

Masana na bayanin cewa ƙanƙarar da ta daskare a cikin tsagogin duwatsu ita ce ke riƙe su tamkar siminti. Da zarar zafi ya narkar da ita, sai ruwa ya ratsa tsagogin, duwatsun kuma su ɓalle. Hakan ya fi faruwa da yamma, abin da ya sa ƙwararrun jagorori ke ƙoƙarin tsallakawa da safe.

Baya ga haka, iskar da mutum ke shaƙa a ƙololuwar ba ta wuce rabi da 'yan kai na wadda ake samu a gaɓar teku ba, abin da kan haddasa ciwon kai da jiri ga wanda jikinsa bai saba ba.

Matakan mahukunta

Daga shekarar 2019 aka wajabta wa duk mai bin hanyar Goûter ya kama wurin kwana a masauki tun kafin ya tashi. A lokacin matsanancin zafin 2022 kuwa, jagorori da dama sun dakatar da kai mutane, aka kuma rufe masaukan biyu na kimanin makonni biyu a watan Agusta.

A lokacin ne magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, ya yi barazanar karɓar ajiyar Euro 15,000 daga duk wanda ya yi kunnen ƙashi: 10,000 domin aikin ceto, 5,000 kuma domin jana'izarsa.

Tattalin arziƙin garuruwa irin su Chamonix da Courmayeur dai ya dogara ne kan waɗannan baƙi, saboda haka rufe tsaunin ba ƙaramar asara ba ce gare su. A halin da ake ciki, wasu jagorori sun fara matso da lokacin hawa zuwa farkon kakar, kafin zafin Yuli da Agusta ya saki duwatsun.