Tattakin safe ko layin asibiti: wanne ya fi wa mai ciwon jiki a Mabera?

Akwai ciwon jikin da ake yi wa allurar maleriya, a bi da maganin taifot, a ƙare da jiƙon shawara, amma yana nan daram. Likitoci na kiransa faibromayaljiya: ciwo ko'ina a jiki fiye da wata 3, ga gajiya, ga barcin da ba ya wartsakarwa. Gwajin jini da hoto kan fito lafiya lau, domin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke zuzuta saƙon zafi. Ya fi kama mata, kuma da yake ba ya kumbura, sai a ce ragwanci ne ko iska.

A 2017 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai, EULAR, ta auna hanyoyin magance shi, kuma motsa jiki kaɗai ta bai wa cikakken goyon baya. Matar unguwar Mabera a Sakkwato za ta ce, "Ni da nake wuni wanki da shara da ɗibar ruwa, wane motsi ya rage?" Tana da gaskiya, sai dai aikin gida bai san awo ba. Ranar da jiki ya ɗan saki, sai ta haɗa wankin mako ta gama a tsaye, washegari ta kasa tashi. Abin da ake so shi ne tattakin minti 10 bayan asuba, kafin ranar Sakkwato ta buɗe, ana ƙarawa sannu a hankali, aikin gida kuma a rarraba shi ana hutawa. Damina ce ke kawo cikas idan ruwa ya cika lungunan unguwar. A lokacin, tsakar gida ma ta isa.

Ɗaya hanyar ita ce ƙwararru su haɗa hannu kan mutum ɗaya: likita ya tabbatar ba wata cutar ce ta ɓuya ba, masu gashin ƙashi su tsara atisaye, likitan ƙwaƙwalwa ya duba damuwa da rashin barci, a ba da magani irin amitriptyline idan ya kama. Wannan ta fi cika, amma ta fi wuya. Mara lafiya ne zai yi ta zirga-zirga tsakanin sassan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wataƙila har asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, da kuɗin mota da na kati, ga tsoron kada maƙwabta su ce ya taɓu. Da yawa kan gaji su koma kemis neman tramadol, wanda ke kama jiki.

A ganina asibiti na farkon tafiya ne, a gano cutar a kuma gyara barci, sauran aikin kuwa na tattaki ne. Maigida, idan likita ya ce matarka ta riƙa fita da safe, ka ba ta izini, ka kuma nemo mai taya ta wanki.