RUBUTUN BANGO: ƁARNA CE KO GWANINTA?

'Yan'uwana mata, kowace uwa a cikinku ta san zafin da a kan ji idan an shafe ɗaki da farar ƙasa, gari ya waye a tarar yaro ya bi bangon da gawayi. To, a wannan mako zan ba ku labarin wani birni da irin wannan abu ya dame shi gaba ɗaya, da macen da ta shiga tsakani.

Birnin nan shi ne Filadalfiya, a ƙasar Amurka. Tun wajen 1967 wani yaro da a ke yi wa laƙabi da Cornbread ya riƙa bin bangaye yana rubuta sunansa, wai don wata yarinya da ya ke so ta kula shi. Samari suka ɗauka. Kafin a farga, ƙofofin kantuna da gadoji da motocin haya sun cika da sunaye, da fentin nan na gwangwani wanda a ke fesawa. Mai kanti ya biya a shafe yau, gobe ya tarar an mayar.

Nan fa gardama ta tashi. Masu kantuna suka ce ɓarna ce tsantsa, gama bangon da gumin wani aka gina shi. Waɗansu masana zane kuwa suka ce a dubi yadda yaran nan ke lanƙwasa haruffa da haɗa launi, ai gwaninta ce wadda ba malamin da ya koya musu.

A cikin 1984 magajin garin, Wilson Goode, ya kafa ƙungiyar yaƙi da rubutun bango. Yaron da ya sa hannu ya yi alkawarin bari sai a yafe masa. Cikin waɗanda aka ɗauka aiki akwai wata matashiya mai zane, Jane Golden. Ita fa ba da bulala ta je musu ba. Ta zauna da samarin, ta duba littattafan da su ke gwada zane a ciki, ta ga lalle akwai hannu. Sai ta ba su buroshi, ta sa su zana manyan hotuna a bangayen da aka ba da izini, da rana tsaka, ana biyansu.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne, ba a taɓa bango sai an yi sallama. A kan bi gida gida, a kira taron unguwa, a tambayi mazauna abin da su ke so su gani kullum in sun buɗe ƙofa. Wata unguwa ta zaɓi fuskokin dattawanta, wata ta zaɓi furanni da ruwa mai gangarowa. Aka kuma lura bangon da mutane suka zaɓi hotonsa da kansu ba a cika ɓata shi ba, don masu tsaronsa suna da yawa. Daga wannan ƙaramin aiki aka yi hotuna fiye da 4,000.

Kada ku zaci gardamar ta mutu. Akwai masu fesa fenti da ke cewa zanen da aka nemi izininsa ya zama doki mai linzami, ba sauran kuzari. Ni dai ban bi su ba. Magina da ke ƙawata fuskar zaure a Zariya da Kano, ai mai gida ne ke kiransu, kuma wannan bai rage musu gwaninta ba. Amma na yarda da su a abu guda: wanda ya ce yaran nan ba su iya kome ba, bai duba da kyau ba.

Ku ɗauki Steve Powers, ɗan Filadalfiya. Ya yi suna wajen fesa laƙabinsa a ƙofofin ƙarfe na kantunan birnin New York, har 'yan sanda suka kama shi a 1999. Bayan shekara goma, watau 2009, ya koma garinsu, shi da mutanen Jane Golden suka rubuta saƙonni 50 a saman gidaje da kantunan titin Market, inda masu wucewa cikin jirgin ƙasa za su karanta daga taga. Duka hamsin ɗin wasiƙar ƙauna ce guda, daga saurayi zuwa ga budurwa.