Gora, Jarka da Rigar Ceto: Abin da Sabon Shiga Gulbi Ke Bukata

A kwarin Rima, daga Argungu zuwa Ambursa har Birnin Kebbi, iyo da tuƙin kwalekwale sana'a ne kuma wasa ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, yana da wasannin Kabanci: tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Yaro kan ga gwanayen gulbin Matan Fada ya yi sha'awa, alhali su sun yi shekaru suna koyo a hannun iyayensu.

Kayan farko da mai koyo ke sani shi ne gora. Masunci yana kifa cikinsa a kanta, hannuwansa na aikin homa, kifin da ya kama kuma ya jefa cikinta. Gora tana ɗaukar mutum ne muddin yana riƙe da ita. Idan ta tsage, ko ta karkata ruwa ya shiga ta baki, ko ta suɓuce, ba sauran abin dogaro. Shi ya sa masana ruwa ke ƙwanƙwasa ta, su duba ɗinkinta kafin su shiga. Jarkar da yara ke runguma ta fi haɗari, domin tana da santsi, murfinta kuma kan kwance. Rigar ceto ce kaɗai ke riƙe mutum ko da ya gaji ya saki hannu, amma sai ta yi daidai da nauyinsa, an kuma tsuke maɗauranta. Wadda ta yi wa yaro yawa kan zame ta kansa da zarar ya faɗa ruwa. Hatsarin jirgin ruwa na Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, inda mutane da dama suka rasu, ya sa hukumomi sun ƙara matsa wa masu jirage kan wannan riga, kodayake har yau a mashigai da yawa ba a ganin ta.

Lokaci ma abin lura ne. Da rani, kusan Fabrairu da Maris, ruwa ya janye, ya lafa. A nan ake koyo, a wurin da bai wuce ƙirji ba, da rana, tare da babba wanda ya iya ruwa. A Agusta da Satumba gulbi kan cika ya malale fadama, balle in an saki ruwa daga madatsar Goronyo. Ruwan ya yi ja, ba a ganin ƙasa, ramukan da masu ɗibar yashi suka bari sun ɓuya. Tsunduma da ka a irin wannan ruwa na iya karya wuya.

Akwai kuma mazauna gulbin. Ƙayar kurungu tana huda tafin hannu, minjirya tana girgiza mai taɓa ta. Tsargiya kuwa daga dodon koɗin ruwan kwance take fitowa, ta shiga ta fata; fitsarin jini alamarta ce, kuma maganinta na asibiti.

Idan wani ya fara nutsewa, sau da yawa ba ya iya ihu. Wanda bai ƙware ba kada ya bi shi, domin mai nutsewa kan ƙanƙame mai ceto su tafi tare. A miƙa masa gwangwala ko filafili, ko a jefa igiya. In an fito da shi ba ya numfashi, ba a juya shi kai ƙasa ko a danna masa ciki don ya amayo ruwa. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya nemo mota. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti, saboda ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan sa'o'i.