Masu Buga Hotunan Duwatsun Sama Don Bangon Aji a Suleja

Da zarar dogon hutu ya kusa ƙarewa, shagunan buga bana na Suleja kan cika da masu makarantu. Wannan na son allon suna, wancan katin sakamako, wani kuma hotunan da za a rataya a aji: ƙwarangwal, sassan fure, duniyoyin da ke kewaya rana. A cikinsu babu wanda ke gwada idon mai zane kamar hoton duwatsun da ke yawo a sararin samaniya, waɗanda akasarinsu ke tsakanin Mars da Jupita.

Kayan aikin farko kusan kyauta ne. Hukumar NASA ta Amurka tana sakin hotunanta ga jama'a, kuɗin data kawai mutum zai kashe. Wahalar tana wajen zaɓe, domin sau da yawa kumbo ba ya tsayawa. Yana giftawa ne a guje, ya ɗauki abin da ya samu, ya wuce har abada. Kumbon Galileo ya fara yin haka da dutsen Gaspra a 1991, sannan Ida a watan Agustan 1993. Babbar eriyarsa ta ƙi buɗewa, hotunan suka riƙa isowa a hankali, sai a Fabrairun 1994 aka lura da wani ɗigo kusa da Ida: ɗan watansa ne, Dactyl, na farko da aka tabbatar yana kewaya irin wannan dutse.

Gwani yakan fara da jawo hoton a kwamfuta har ya kai girman da za a buga, ya ga ko zai fashe ya koma ƙananan murabba'ai. Tsofaffin hotuna da yawa a nan suke faɗuwa, sai a bar su ƙanana a gefe. Bayan haka ya duba inuwa. Dutsen da rana ta haska gaba da gaba yakan fito fayau, ba rami ba tudu. Wanda hasken ya zo masa ta gefe kuwa, kowane rami na da baki da zurfi, yaro zai iya sa yatsa ya ƙirga, malami ya samu ƙofar bayanin yadda duwatsu ke karo da juna.

A nan ake rabuwa da masu makarantu. Su launi suke so, kuma intanet cike take da zanen kwamfuta na dutse yana ci da wuta zai afka wa duniya. Ya fi ɗaukar ido, ya fi saurin sayuwa. Ni dai ina bayan mai zanen da ke dagewa a kan hoton gaskiya, ko da toka-toka ne a kan baƙi. In an ƙara wa hoto launi, kamar yadda masana suka yi wa wasu hotunan Ida don bambance ƙasarsa, a rubuta haka a ƙasa.

Abu mafi muhimmanci shi ne ma'auni. Tsawon Ida ya kusa kilomita 60, kimanin rabin tafiyar Suleja zuwa Minna. Dinkinesh, wanda kumbon Lucy ya gifta ranar 1 ga Nuwamba, 2023, bai cika kilomita ɗaya ba, kuma shi ma an same shi da ɗan wata, Selam, wanda dunƙule biyu ne manne da juna. A kan bana, tafin hannu ɗaya ke rufe kowannensu. In ba a ja layin awo a ƙasa ba, ɗalibi zai tashi da cewa girmansu ɗaya. Mai zanen da ya san aikinsa yakan ƙara layi guda kan dutsen da ya faɗo kusa da Zagami a ƙasar Katsina a 1962, mai nauyin kusan kilo 18, wanda daga baya aka gano daga Mars ya fito. Yaro ya ji sunan garin Hausa, sai ya gyara zama.

Ba kowane mai zane ke da babban inji ba. Wanda ba shi da shi yakan kwashe aikin a filash ya kai wa mai injin, a yi masa lissafi da ƙafa. Baƙin sarari na shan tawada, kuma in kan injin ya toshe sai layuka su ratsa hoton, a yi asarar fileks ɗin gaba ɗaya. Tawada da fileks daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Wuta ta ɗauke, a tayar da janareta, ga fetur ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023. In an gama bugawa sai a yanke, a naɗe baki, a huda kusurwoyi a sa zoben ratayewa. Ribar kowane ɗaya kaɗan ce, sai an haɗa da yawa take zama kuɗin cefane, kuma sau tari mai makaranta kan ce a jira iyaye su biya kuɗin zango.

Malam, in ka je saye, ka tambayi wane kumbo ya ɗauki hoton, a wace shekara, kuma ina layin awo. Wanda ya amsa maka, ka biya shi ba tare da dogon ciniki ba.