Me Ke Sa Injiniya Jin Daɗin Aikinsa? Darasi Daga Anka da Bukkuyum

Idan aka tambaye ka abin da ke faranta wa injiniya rai, ƙila ka ce albashi mai tsoka da motar ofis. Kuɗi na da rana, babu musu. Sai dai masu nazarin halayyar ma'aikata sun daɗe suna nuna wasu abubuwa biyu masu nauyi: mutum ya ga amfanin aikinsa da idonsa, kuma ya zama yana da ta cewa a kan yadda za a yi shi.

A 1976, masana biyu a Amurka, Richard Hackman da Greg Oldham, sun bayyana cewa ma'aikaci ya fi samun gamsuwa idan aikinsa na taɓa rayuwar wasu, yana bin sa daga farko har ƙarshe, kuma yana ganin sakamako. A 1979 kuma Robert Karasek ya nuna cewa ba yawan aiki kaɗai ke gallabar mutum ba. Abin da ya fi cin rai shi ne nauyi ya yi yawa alhali ba ka da ikon yanke shawara.

Ba sai ka je nesa neman misali ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma, wadda ke fitowa daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ina amfaninsa idan yaro zai koma wasa a tsakar gidan da ƙurarsa ke da guba? Dole sai an fara gyara ƙasar, kuma wannan aikin injiniyoyin muhalli ne.

Kamfanin TerraGraphics na Amurka, tare da ma'aikatar muhalli ta Zamfara da mutanen ƙauyukan, suka shiga wurare irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Ana auna ƙasa da wata na'urar hannu mai nuna yawan dalma nan take, a kankare saman da ya gurɓata, a kai shi ramin da aka tanada a binne, sannan a zuba ƙasa mai tsabta. A sake aunawa, adadi ya sauko, likita ya samu damar fara magani. Ka ga duk abin da Hackman da Oldham suka lissafa ya haɗu a nan: aiki mai ceton rai, mai farko da ƙarshe, mai sakamakon da ake gani a ranar.

To amma dubi Bagega. An san garin na da guba, an san yadda ake gyarawa, sai kuɗi suka maƙale. Sai a 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aka fara aiki, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi da kuma fafutukar su Hamzat Lawal a intanet. Ka sa kanka a matsayin wanda ya iya aikin, ya san yara na shaƙar ƙurar kullum, amma ba shi da yadda zai yi. Wannan shi ne yanayin da Karasek ya siffanta.

A yau ga matsalar tsaro ta ƙaru. Injiniyan da aka tura duba gada ko rijiyar burtsatse a hanyar Anka zuwa Gummi yana ɗauke da lissafi biyu a kansa: na siminti da rodi, da kuma na ko zai koma gida lafiya. Idan irin wannan matsi ya daɗe, yakan kai ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundinta a 2019 a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. Alamominta uku ne: gajiyar da barci ba ya kawarwa, aikin ya fita daga ran mutum, sannan ƙwazo ya ragu. Wannan fa bai tsaya kan injiniya shi kaɗai ba, domin wanda ya gaji haka zai iya tsallake tsagewar da ke jikin ginshiƙi, kuma kai ne za ka bi ta kan gadar.

Saboda haka idan kana shugabantar injiniyoyi, ka saki kuɗin aiki a kan lokaci, ka saurare su idan suka ce kayan nan ba su da inganci, kada kuma ka tilasta musu shiga hanyar da suka san ba lafiya. Ƙungiyar injiniyoyi ta NSE da hukumar COREN su ma suna da rawar takawa wajen tsaya wa wanda ya ƙi sa hannu a aikin algus. Idan kuwa kai ne injiniyan, ka riƙa komawa wurin aikin da ka gama, ka ga mutanen da ke amfana da shi. In kuma alamomin nan uku sun daɗe tare da kai, ka je ka ga likita.