Lissafin Fili da Kayan Aikin Ɗaki a Manhajojin Zanen Gini

1.0 Gabatarwa

Kafin a haƙa harsashin gida, tambayar da mai gida yake fara yi wa magini ita ce: buhun siminti nawa, bulo nawa, kwalin tayil nawa? Amsar wannan tambaya ita ke yanke kuɗin kwangila. Idan ƙiyasi ya gaza, aiki ya tsaya ana tsaka da yaɓe. Idan kuma ya wuce kima, mai gida ya biya kuɗin simintin da zai daskare a ɗakin ajiya. A da, da ma'auni da fensir da takarda ake yin wannan lissafi. Yanzu manhajojin kwamfuta na zanen gini suna fitar da shi cikin ƙiftawar ido. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda manhaja ke auna ɗaki, da dalilin da ya sa mutum biyu kan sami adadi daban-daban a ɗaki guda.

A Hausar yau da kullum, kalmar "faɗi" tana ɗaukar ma'ana biyu: gajeren gefen ɗaki, da kuma girman shimfiɗarsa baki ɗaya. Don kauce wa ruɗani, a nan "tsawo" da "faɗi" suna nufin gefunan daɓe biyu, "tsayi" daga daɓe zuwa rufi, "fili" kuwa shi ne girman shimfiɗa, wanda ake aunawa da murabba'in mita.

2.0 Daga Zanen Layi Zuwa Ginin Kwamfuta

Manhajojin zanen gini iri biyu ne. Na farko shi ne irin AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a 1982. A irin wannan zane, bango layi biyu ne kawai a jere. Kwamfuta ba ta san bango ba ne, balle ta san da me za a gina shi. Mai zane ne zai zagaye ɗaki da layi, ya karanta filinsa, sannan ya ƙarasa sauran lissafin da kansa.

Iri na biyu shi ne wanda ake kira BIM, wato gina siffar gini a cikin kwamfuta tare da bayanan kowane sashe nasa. ArchiCAD, wadda kamfanin Graphisoft na birnin Budafes a ƙasar Hangari ya fara fitarwa a 1984, tana cikin na farko-farko. Revit ta fito a 2000, Autodesk kuma ya saye ta a 2002. A nan bango yana da tsawo da tsayi da kauri, yana kuma da hawa-hawa: bulo a tsakiya, yaɓe a kowace fuska. Idan aka sa ƙofa, ita da kanta take huda bangon, manhaja kuma ta rage filin da ta ci.

3.0 Yadda Manhaja Ke Gane Ɗaki

Bangaye huɗu ba su isa manhaja ta ce ga ɗaki ba. Dole mai zane ya ɗora wata alama ta musamman a tsakiyarsu. A Revit ana kiranta da sunan ɗaki, a ArchiCAD kuwa yanki. Wannan alama tana bazuwa kamar ruwan da aka zuba a kwano har sai ta ci karo da bango ta kowane gefe. Daga nan ne ake samun filin daɓe da tsawon kewaye. Idan akwai ƴar kafa tsakanin bangaye biyu da ba su haɗu sosai ba, alamar za ta malala zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka, ko kuma manhaja ta ba da sanarwa cewa ɗakin bai rufu ba. Inda babu bango, kamar tsakanin falo da wurin cin abinci, sai a ja layin raba ɗaki, wanda ba ya cikin abin da za a gina.

Abu na biyu shi ne inda awo yake tsayawa. Revit tana ba da zaɓi huɗu: fuskar bango bayan an gama yaɓe, tsakiyar bango, fuskar bulon da ke ciki, ko tsakiyar bulon. Kowane zaɓi da amfaninsa, amma mai sa tayil da mai fenti ba su da alaƙa da komai sai fuskar bangon da ido ke gani.

4.0 Misali

A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3.5, tsayin mita 3, duk an auna daga ciki. Kaurin bangonsa santimita 20. Yana da ƙofa ɗaya mai faɗin mita 0.9 da tsayin mita 2.1, da tagogi biyu, kowace mita 1.2 sau 1.2.

Filin daɓe: 4 × 3.5 = murabba'in mita 14. Silin ma haka.
Kewaye: 4 + 3.5 + 4 + 3.5 = mita 15.
Filin bango gaba ɗaya: 15 × 3 = murabba'in mita 45.
Ƙofa: 1.89. Tagogi biyu: 2.88. Jimla: 4.77.
Filin bango bayan ragi: 45 − 4.77 = murabba'in mita 40.23.

Idan aka bar manhaja tana aunawa daga tsakiyar bango, kowane gefe zai ƙaru da santimita 20. Ɗakin zai zama mita 4.2 sau 3.7, wato murabba'in mita 15.54. Ƙarin ya kai kashi 11 cikin ɗari, alhali ko bulo ɗaya bai motsa ba. A gida mai ɗaki tara irin wannan, an sayi tayil na kusan ɗaki guda da babu shi ke nan.

5.0 Daga Fili Zuwa Kayan Aiki

Fili ba shi ake saye a kasuwa ba, saboda haka sai an juya shi zuwa kaya. Tayil mai santimita 40 sau 40 yana rufe murabba'in mita 0.16. Idan aka raba 14 da 0.16 za a sami 87.5, wato guda 88. Amma tayil na gefe sai an yanka, wasu kuma su fashe. Idan aka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda wannan, adadin ya koma 97. Manhaja ba ta ƙara wannan rara da kanta, sai an rubuta mata ƙa'idar a jadawali.

Yaɓe mai kaurin santimita 1.5 a kan murabba'in mita 40.23 zai ci kimanin kubik mita 0.6 na kwaɓin siminti da yashi. Fenti kuwa ya dogara da abin da kamfani ya rubuta a jikin gwangwani. Idan lita ɗaya tana shafe murabba'in mita 10, shafe biyu zai ci kimanin lita 8. Tayil ɗin gindin bango da tsawo ake auna shi: kewayen mita 15 a cire faɗin ƙofa, saura mita 14.1.

Girman bulo ma abin lura ne. A Nijar da Kamaru bulon da aka saba da shi yana da tsawon santimita 40 da tsayin 20, don haka kimanin 12.5 ke cika murabba'in mita. A Nijeriya da Gana kuwa tsawonsa 45 ne, tsayinsa 22.5, kimanin 10 ke cika murabba'in mita. Jadawalin da aka shirya a Kano ba zai yi daidai a Maraɗi ba sai an gyara wannan adadi.

6.0 Wuraren da Kuskure Ke Shiga

Na farko, filin da jadawalin bango yake bayarwa na fuska ɗaya ne, alhali bangon da ke tsakanin ɗaki biyu fuska biyu ake yaɓewa. Ƙari a kan haka, alamar ɗaki a Revit tana ba da filin daɓe da kewaye, amma ba ta ba da filin bangon da za a shafa wa fenti kai tsaye. Shi ya sa masu zane kan ɗora siririn bango na ƙawata a kan na asali, ko su shafa wa fuskar fenti a cikin manhajar, sannan su ciro adadin daga jadawalin kayan aiki. Alamar yanki ta ArchiCAD kuwa tana ba da filin bango da na ƙofofi da tagogin da ke kewaye da ita.

Na biyu shi ne tsayi. Idan a misalin da ya gabata aka rataya silin a mita 2.7, santimita 30 na sama ba za su ga fenti ba. Wannan murabba'in mita 4.5 ke nan da za a biya a banza in ba a saukar da iyakar ɗakin ba.

Na uku shi ne bakin taga da na ƙofa. Manhaja tana cire hudar, amma kaurin bangon da ya zagaye ta yana buƙatar yaɓe da fenti. Taga mai mita 1.2 sau 1.2 tana da kewayen mita 4.8. Idan zurfin bakinta santimita 10 ne, an sami kusan rabin murabba'in mita a kowace taga.

Na huɗu, abin da ba a zana ba, ba a ƙirga shi. Idan mai zane bai sa tayil ɗin bangon makewayi ba, jadawali ba zai ambace shi ba, kuma ba zai yi gargaɗi ba.

7.0 Kammalawa

Manhaja ba ta kuskuren tarawa ko ninkawa. Abin da aka gina mata take aunawa, bisa ƙa'idar da aka zaɓa mata. Saboda haka, wanda aka miƙa wa jadawali ya kamata ya tambayi daga ina aka auna, me aka cire, kuma nawa aka ƙara na rara. Hanyar gwaji mafi sauƙi ita ce a zaɓi ɗaki ɗaya a lissafa shi da hannu. Idan ya dace da na kwamfuta, a ci gaba. Idan bai dace ba, a nemo dalili kafin a aika a sayo siminti.

8.0 Aikin Ɗalibai

1. Ɗaki yana da tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3, da ƙofa ɗaya da taga ɗaya irin na misalin sashe na 4.0. A nemo filin bangonsa bayan ragi.
2. Tayil nawa mai santimita 40 sau 40 zai ci, tare da rarar kashi 10 cikin ɗari?
3. A bayyana bambancin "faɗi" da "fili" cikin jimloli biyu.