Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Sarrafa Canji a Sashen Kwamfuta

Manufar wannan lacca ita ce bayyana hanyoyin da sashen kwamfuta na ma'aikata zai bi in ya tashi yin canji a na'urorinsa, ba tare da aikin jama'a ya tsaya ba. Canji a nan yana nufin duk wani gyara ko ƙari da aka yi wa tsarin da ke kan aiki, ko babba ne ko ƙarami. Za a ɗauki misali daga harkar zaɓe, domin ita ce ta shafi mutumin Bebeji da na Doguwa daidai yadda ta shafi mutumin Legas.

A ranar 25 ga Fabrairu 2023, masu zaɓe a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa sun jefa ƙuri'a uku: ta shugaban ƙasa, da ta sanatan Kano ta Kudu, da ta ɗan majalisar wakilai. Hukumar zaɓe ta INEC ta tsara cewa na'urar BVAS za ta ɗauki hoton takardar sakamako a rumfa, ta aika da shi shafin IReV domin kowa ya gani. Sakamakon majalisa ya riƙa shiga, amma na shugaban ƙasa ya ƙi, sai da dare ya yi sannan ya fara bayyana. A rahoton da hukumar ta fitar a 2024 ta bayyana dalili. Watau an gina tsarin ne bisa jihohi, kowane sakamako yana da jihar da za a ajiye shi a ƙarƙashinta. Mazaɓar shugaban ƙasa kuwa ita ce Nijeriya baki ɗaya, saboda haka na'urar ta rasa inda za ta sa shi. An yi amfani da tsarin a zaɓen gwamnan Ekiti da na Osun a 2022, amma waɗannan duk zaɓuɓɓukan jiha ne, don haka aibin bai fito ba sai ranar da aka fi bukatarsa. Abin da aka yi hasara a wannan rana shi ne amincewar jama'a, wadda ta fi na'ura wuyar gyara.

Daga wannan za a iya fitar da ƙa'idoji biyar.

Na farko, a rubuta kowane canji kafin a yi shi: me za a taɓa, don me, wa zai yi, su wa abin zai shafa. Wanda ya nemi canjin ba shi zai amince da shi ba. A kafa ƙaramin kwamiti da zai ƙunshi injiniya da kuma wakilin masu amfani da na'urar, kamar akawun da ke shirya albashi.

Na biyu, a yi gwaji a kan kwafin da ya yi kama da ainihin aiki, kuma a gwada kowane irin aiki da tsarin zai ɗauka. Abin da ya yi aiki a ofis cikin birnin Kano tilas a kai shi ƙauyukan da ke bayan dajin Falgore a gani, inda layin sadarwa ke da rauni.

Na uku, a shigar da canji kaɗan-kaɗan. Manoman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, sun san ba a sakar wa sabuwar hanyar ruwa ƙofa gaba ɗaya. Kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika da gyara ga abokan cinikinsa a lokaci guda ranar 19 ga Yuli 2024, kwamfutoci wajen miliyan 8.5 suka tsaya, jiragen sama da bankuna da asibitoci suka shiga matsala. Da an fara da 'yan kaɗan, da ɓarnar ta tsaya a kansu.

Na huɗu, a tanadi hanyar komawa baya tun da wuri, a kuma sanar da ita. A zaɓen 28 ga Maris 2015, da na'urar karanta kati ta ƙi aiki a wasu rumfuna, har da ta Shugaba Goodluck Jonathan, sai a tsakiyar aiki hukumar ta ba da izinin tantancewa da hannu. Irin wannan shawara wurinta takarda ne, makonni kafin ranar.

Na biyar, a keɓe lokutan da ba a taɓa na'ura sam, kamar makon biyan albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko makon rajistar ɗalibai a jami'a. Gyaran gaggawa da ya zama dole, a rubuta shi nan take, kwamiti ya duba shi washegari.

Daga ƙarshe, bayan kowane canji a zauna a duba abin da ya faru, a nemi inda tsari ya gaza maimakon neman wanda za a ɗora wa laifi, domin ma'aikacin da ke tsoron horo ɓoye kuskure yake yi. Mafi yawan waɗannan ƙa'idoji ba su bukatar kuɗi. Littafin rajista guda, da shugaban sashe da zai ƙi sa hannu a kan canjin da ba a gwada ba, sun isa a fara.